Ranar da Baba Ya Zo Kallo

Ku 'ya'yana da jikokina, kun taso kuna jin mutanen Waca suna ce mini Ma'azu Ingilishi, kuma ina lura da yadda wasunku ke ɗaga kai idan an faɗa, sai ka ce galon soja aka liƙa wa ubanku a kafaɗa. Har Rabi ta taɓa gaya wa mushensu, wato malaminsu a lakwal, makarantar boko, cewa babanta ya fi shi jin harshen. To ku sauke kai. Ban ji Ingilishi jiya ba, ban ji yau ba, kuma da shekarun nan nawa ba na sa ran in ji gobe. Sunan tsiya ne aka laƙa mini, da gumina kuwa na same shi. Daɗin girman da kuke ba ni ne ya sa na yi shiru, amma tunda gemu ya yi fari fat, gara ku ji daga bakina kafin ku ji a bakin 'yan zaman kasuwa masu ƙara gishiri.

Kakanku Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne. Idan ya buɗe ƙissoshin annabawa bayan la'asar, har masu tallar goro sukan ajiye faifai su tsuguna. Ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rayu, kuma burinsa in gaje shi. Sai ga shi an zo ɗaukar yara lakwal, yatsan mai gari ya faɗo kaina. Na yi Faransanci har kwalej a Magarya, na dawo gida ba takardar shaida, allon ma ya kuɓuce. Na yi noma, na taɓa tireda, daga baya na sayi tele da bidiyo da ɗan gurup, wato injin ba da wuta, na kafa rumfar zana a bayan kasuwa, na lulluɓe ta da buhuna don ta yi duhu. Ranar kasuwa, daga la'asar zuwa gab da magariba, mutum ya ba da dala biyar ya shigo ya zauna a tabarma. Ni kuma in tsaya gefen tele da 'yar sanda, in rage muryar Nasara, in riƙa mayar da maganarsu Hausa. Da wannan fassara na yi suna, har dattawa suna ce mini Mushe alhali ban taɓa riƙe alli ba.

Baba bai zage ni ba, bai kuma yi mini baki ba. Da ma ya yi, da na san inda zan kama in ba da haƙuri. Ƙofar hira kawai ya rufe mini. Kullum da safe in je in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali, sai ya ja carbinsa, ni kuma in tattara takalmana. Shekara tara muna haka, a cikinsu ne ma idonsa ya rufe gaba ɗaya. Ya taɓa gaya wa Inna cewa duk abin da ya zuba wa yaron nan a rairayi ya zuba, Inna ta gaya wa uwarku Tsahara, ita kuwa Tsahara kun san ba a ba ta ajiyar magana. Ina da shekara arba'in da wani abu a lokacin, ina da 'ya'ya biyar, amma maganar nan ta hana ni cin tuwo kwana biyu. Ba abin da nake so a duniya kamar Baba ya zauna ya yi hira da ni, ko da ta faɗa ce.

A kakar waccan shekara wani ɗan'uwanmu mai fataucin Kano ya kawo mini kasat guda, ba kwali ba hoto, ya ce fim ne da ya tashi kan mutanen birni. Don zumuɗi na sa aka yi shela a kasuwa tun kafin in gwada shi. Sai da hantsi ya yi na tayar da gurup a tsakar gida na saka. Na kasa kunne, na ƙara murya, na matso kusa. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Kasat ɗina na da duk daga Damagaram suke zuwa da Faransanci, wannan kuwa Ingilishi ne tsantsa. Tsahara tana surfe, ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallon fuskata.

"Maigida, yau kuma Nasaran sun yi maka yaren dawa ne?"

"Wani irin Faransanci ne na can ƙetare," na ce.

"To ka fito fili ka gaya wa mutane ba ka ji mana. Wa aka taɓa ɗaurewa don bai ji ba?"

"Ni? Ni da ake ce wa Mushe?"

"Allah ya ba da sa'a, Mushe," ta ce, ta ci gaba da dakanta tana dariya.

Ga abin da idona ya gani a fim ɗin. Wani birni ne na ƙarfe, ba itace ba tsuntsu, sama ta yi toka-toka. A cikin wani dogon ɗaki mutane suna kwance jere a kan gadaje, kowa da wata hula mai wayoyi a kansa. Da mutum ya rufe ido sai ya tsinci kansa a cikin lambu kore shar, da ƙoramu, da 'ya'yan itace har ƙasa, kowa kuma saurayi ne ko budurwa. Can a kan gado kuwa jikinsu sai ramewa yake yi. Akwai wani tsoho mai farar riga da ke zaune kullum kusa da gadon wani saurayi, yana ɗiga masa ruwa a baki da cokali. A tsakiyar lambun akwai rijiya guda da kowa ke kewayewa, ba mai leƙawa. Daga baya wani baƙon saurayi ya ɓullo cikin lambun, ya yi ta bin yaron nan yana magiya, yaron yana gudunsa, har dai a ƙarshe suka faɗa rijiyar tare. Sai ga yaron ya buɗe ido a kan gadonsa, tsohon yana kwance a gadon kusa da shi, suka rungumi juna.

Da la'asar rumfa ta cika maƙil. Na tsaya da sandata, na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Abin da ya fito shi ne abin da na ji a zauren Baba ina yaro. Da aka nuna lambu da rijiyar da aka hana, sai na tsinci kaina ina cewa wannan irin abin da ya sami Annabi Adamu ne, an ba ka komai an ce ka bar ɗaya. Da aka nuna tsoho da cokalinsa, na ce ku dubi uban da ya rasa ɗansa yana raye, kamar Annabi Yakubu da kuka ya cinye masa ido. Baƙon saurayin nan kuwa na ce wani matafiyi ne Allah ya jefo, irin 'yan ayarin da suka ciro Annabi Yusuf daga rijiya. Duk inda Bature ya motsa leɓe na cusa masa magana. In ya yi kalma uku in yi ashirin, in ya yi shiru in ce yana tunani, in faɗi tunanin ma. Mutane suka yi tsit, wani tsoho daga Guci har da sharar hawaye da bakin rawani. A wurinsu ai bakin Nasara ɗaya ne, wanda ya ji wannan ya ji wancan. Na koma gida ina taku ɗai-ɗai, na ce wa Tsahara ta ƙara mini man shanu a miya.

Kasuwa ta biyu har daga Dungas aka zo. Sai dai magana ta fita gari a karkace, aka ce Ma'azu yana nuna Aljanna a tele, wai Nasara sun ƙera tasu. Wasu dattawa suka ɗunguma zauren Baba suka ce shi ne malami, kuma ɗansa ne, ya faɗi hukunci. Ni ban san an yi haka ba sai daga baya.

Kasuwa ta uku, na tayar da fim ke nan, sai aka ɗaga buhun ƙofa, haske ya shigo. Wanda ya fara sako kai Majo Daniyel ne, babban ma'aikacin likitar garinmu, wato asibiti, Kirista, mutumin yammacin ƙasar nan. Shi ke sa wa Baba magani a ido, kuma sun saba, sukan zauna suna gardamar annabawa suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Duk Waca shi kaɗai ne ya yi wani karatu a Najeriya, shi kaɗai ke jin Ingilishi, kuma bai taɓa taka rumfata ba. Yana riƙe da bakin sanda. A ɗaya bakin sandar kuwa Baba ne. Mutane suka miƙe ana ta gaisuwa, wani ya kawo kujera, Baba ya zauna ya juya fuskarsa wajen da ƙarar gurup take.

"Allah ya gafarta Malam," na ce, "ko a tsayar?"

"Ci gaba da aikinka. Kunne na kawo."

Na dubi Majo, shi kuma ya dubi rufin rumfa. Gaba kura baya sayaki. Na ci gaba. Da farko bakina yana harɗewa, amma da na shiga labarin sai na manta da Majo, na manta da mutane, ba wanda nake gani sai tsohon nan a kan kujera, ya karkata kunne, carbinsa ya tsaya cak a hannu. Tun da na buɗe rumfar nan ban taɓa yin fassara irin ta ranar ba. Da aka zo ƙarshe, inda yaron ya buɗe ido ya motsa leɓe sau biyu, sai na ji kaina ina cewa: "Ya ce, Baba, na san na bar hanyar da ka ɗora ni, na shiga lambun mutane na daɗe. Amma abin da ka koya mini ban zubar ba, yana nan. Ka yi mini magana ko da faɗa ne." Na ƙarasa da cewa haka Annabi Yusuf ya koma gida wurin mahaifinsa bayan dogon rabo. Na kashe tele. Aka ɗage buhuna, hasken yamma ya shigo, ba wanda ya tashi.

Baba ya gyara zama ya ce, "Majo."

"Na'am, Malam."

"Kai ka san bakin mutanen nan. Abin da ya faɗa, shi suka faɗa?"

Majo mutumin kirki ne. Na ga yana murza hularsa, yana neman hanyar da zai bi ya rufa mini asiri ba tare da ya yi wa abokinsa makaho ƙarya ba, kuma na san babu irin wannan hanya. Da na yi shiru, wataƙila da ya ce kusan haka ne, in tsira da suna. Amma sai in zama na ci amanar idon Baba sau biyu, na kuma ja bawan Allah cikin laifina. Ban san lokacin da na ajiye sandata na durƙusa ba.

"Baba, kada ka wahalar da Majo. Ba na jin Ingilishi, ko kalma ɗaya. Duk abin da na faɗa yau, da na kasuwa biyu da suka wuce, ni na ƙaga shi daga hoto."

Sai Ɗan Tani mahauci ya buga cinya ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai, Ma'azu Ingilishi! Ashe kai ne Baturen!" Shi ke nan wuri ya ɓarke. Tsohon nan na Guci, wanda ya dawo kallo karo na uku, ya ce a biya shi hawayensa. Wani ya tambayi Majo, to wannan doguwar maganar da aka ce yaron ya yi a ƙarshe fa, me ya ce? Majo ya share ido ya ce yaron cewa ya yi yana jin ƙishirwa. Har ƙasa mutane suka kwanta. Ni ina durƙushe, kunya kamar in nutse, amma da na saci kallon Baba sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin a haifi Rabi.

Da dariya ta lafa, Baba ya ce Majo ya ba su labarin na gaskiya. Majo ya ce ai ban yi nisa da shi ba sosai. Tsohon nan shi ya ƙera injin lambun don mutanen birnin su riƙa hutawa daga baƙin cikin duniyarsu, sai suka ji daɗi suka ƙi fitowa, har da ɗansa na cikinsa. Rijiyar ita ce ƙofar fita, shi ya sa suke tsoronta. Wuri ɗaya ne na ɓata. Baƙon saurayin nan ba matafiyi ba ne, uban ne da kansa. Likitoci sun ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, amma ya sa hular ya kwanta, ya shiga neman ɗansa, kuma da yake a lambun kowa saurayi ne, ɗan bai gane shi ba. Shi ya sa aka gan shi kwance a gadon kusa, ba suma ya yi don jira ba kamar yadda na ce.

"Waɗanda suka yi fim ɗin nan, Malam, daga littafinmu suka ɗebo," in ji Majo. "Lambu da abin da aka hana, da ɗan da ya ɓata aka same shi, da makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya. Sun dai sa musu wayoyi ne."

"Kun ɗebo, mun ɗebo, rijiyar ta girme mu duka," Baba ya ce. Sai ya juya wajen dattawan da suka kai ƙara, waɗanda ashe suna can baya a maƙale. "Ku kuma da kuka ce Aljanna ce, ku kwantar da hankalinku. Aljannar da in isansin gurup ya ƙare sai ta mutu? Mafarki ne na haya. Ni ma ina da irinsa, ba ko dala. Tun da ido ya tafi, in na zauna nakan ga gonar ubana kore shar, in ga uwata da ƙuruciyarta tana sussuka. Da daɗi ƙwarai. Amma in na daɗe a can, tuwon da aka ajiye mini a nan sai ya huce, mai gaishe ni ya gaji ya tafi."

Bai ce a rufe rumfa ba, bai ce a buɗe ba, kowa ya ɗauki takalmansa yana maimaita maganar isansi. Abin da gaskiyar nan ta jawo mini kuwa ba zan ɓoye muku ba. Sunan Mushe ya tafi bai dawo ba. An yi wata da watanni rumfa ba ta kai rabi, saboda wasu sun ce wa ya sani ko Faransancin ma ƙagawa yake yi. In na buɗe baki a fim sai wani ya ce, wannan naka ne ko nasu? Uwarku ta shekara tana tambayata ko in ƙara man shanu. Duk na shanye, kuma da za a mayar da ni ranar, da na sake durƙusawa tun kafin Baba ya tambaya.

Amma bari in koma yammacin nan, don shi ne dalilin wannan rubutu. Da mutane suka watse, Majo ya dubi agogonsa ya ce yana da mai jiran allura a likita. Ban sani ba ko da gaske ne, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ya miƙo mini bakin sandar Baba ya yi gaba. Muka fito, ni a gaba Baba a baya, sanda a tsakaninmu. 'Yan kasuwa suna ɗaure buhunan gyaɗa, amalanken shanu suna ta wucewa, ina kauce masa da kashin jakai. Muka yi nisa. Sai na ji an ɗan ja sandar.

"Wa ya ba ka ƙissar Yusuf?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? Kai da kake gyangyaɗi a bayan ƙofa?"

"Ido ne yake rufe, Baba. Kunne yana nan."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Muka ƙara taku kaɗan. Daga nan ya shiga yi mini tambaya, 'yan'uwan nawa ne, me suka kawo wa uban da yamma, me uban ya ce da ya ga rigar. Ina amsawa yana cewa haka ne, haka ne. Ni da 'ya'ya biyar, ina tafiya a tsakiyar hanya ana yi mini jarrabawa, daɗi kuwa kamar ya kashe ni. Har addu'a nake yi hanyar ta ƙara tsawo.

"Ka riƙe," ya ce. "Na zaci ka zubar, ashe ka riƙe. Amma ka yi kuskure ɗaya babba, a gaban jama'a kuma."

"Wanne, Baba?"

"Ka ce Yusuf ya koma gida wurin ubansa. Bai koma ba. Riga ya aika. Uban ne ya tashi da tsufansa, ya ɗaure kaya, ya bi hanya har garin da ɗan yake sana'arsa." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Na fi shekara arba'in ina karantar da wurin nan. Ban taɓa tsayawa a kansa ba sai yau."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Hawaye suka zubo mini har gemu, na gode Allah da ba ya gani, ko da yake na san ya ji sandar tana rawa a hannunsa. Mun iso mararrabar da ke wajen masallaci, inda hagu ta nufi zaurensa. Na share fuska da hannun riga, na karkata hagu. Sai ya dafe sandar ya ƙi motsi.

"Ba ta nan ba," ya ce. "Bi da ni ta gidanka. Hirar ba ta ƙare ba."